Agogo a Hannun Baba

Tun daga bakin lungunsu na unguwar Magajiya a Suleja Jannat ta hango abin da ta daɗe ba ta gani ba. Baba ne zaune a ƙofar gida bisa tabarma, maƙwabta sun kewaye shi ana hira.

Ta tsaya cak. Ƙafafunta sun yi tsami saboda tsayuwar wuni a shagon da take aiki a Abuja, ga cunkoson Zuba da ya cinye mata la'asar a cikin mota, amma duk ta manta. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifinta, Malam Ɗantala, bai ƙara zama a waje ba. Hannunsa na hagu ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, shi kuwa ya tsani a kalle shi, kullum a cikin riga yake ɓoye shi. Yau ga shi ya ɗora shi bisa gwiwa, kowa na gani.

Sai da ta matso ta ga dalili.

Agogo ne ɗaure a hannun. Fuskarsa mai kusurwa huɗu, fara tas kamar madara, gefensa zinare, ga wani ɗan shuɗin dutse a kan abin murɗa shi. Aikin wani tsohon gidan maƙeran gwal ne na Turai, irin wanda a shagonsu ma ba a barin kowa ya taɓa. Ita ta ciro shi daga cikin gilashi da farar safar hannu a makon jiya. Ita ta goge shi, ta kwantar da shi a akwatinsa, ta miƙa wa Alhaji Abdulsalami tana cewa Allah ya sa a kashe lafiya.

Ta durƙusa. "Sannu da hutawa, Baba."

"Jannatu, an dawo? Zo ki raba mu gardama da Ɗanlami, ke kika san kan abin. Wai shi bai yarda akwai agogon da ba a sa masa batir ba."

Muryarsa ta fito da ƙarfi kamar ta da.

"Haka ne, Baba. Motsin hannu ne ke tafiyar da shi."

"To, kun ji!" ya ce, yana dariya da rabin bakinsa mai lafiya.

Ta miƙe ta shige gida, ba ta yarda ta sake kallon hannun ba.

Inna na tsakar gida tana tuƙa tuwo. Ko sallamar ba ta gama amsawa ba Jannat ta zube a gefenta, jakarta na kafaɗa.

"Inna, me ya sa kuka karɓa?"

"Ki cire gyale ki sha ruwa tukuna."

"Inna, don Allah. Kun san abin da wannan kyautar take nufi. Kun san maganata da Khamis."

Inna ta ajiye muciya. Ta dube ta, idanunta jajir, kuma ba hayaƙin murhu ba ne.

"Na sani. Ni ce na fara cewa a mayar. Alhaji ya zo da hantsi wai ya biyo daga wajen gine-ginensa na Maje ya ce bari ya gaida mai jiki. Da hannunsa ya ɗaura masa. Yana fita na ce, Malam, wannan ya fi ƙarfinmu. Ya ce to, bari ya kwana. Sai can da azahar na ji yana kirana, wai agogo zai tsaya in ba a motsa shi ba. Na leƙa na same shi yana ɗaga hannun nan. Jannat, yana ɗaga shi! Hannun da likitocin gashin ƙashi suka yi ta fama, muka yi ta roƙo, ya ce a ƙyale shi ya mutu da abinsa. Yana ɗagawa yana haki, gumi na zuba, ya sauke ya sake ɗagawa. Da aka kira la'asar ya ce a ba shi sanda, masallaci za shi."

Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin zane.

"Ki gaya min, wane baki zan buɗe in ce ya cire?"

Jannat ta kifa kai a gwiwa. Shekararta ashirin da bakwai, ita ke riƙe da gidan tun da Baba ya kwanta, kuma ba wanda ya taɓa ce mata dole ta auri wane. Baba cewa kawai ya yi Khamis baƙo ne, ɗan haya, malamin makarantar da yau yana Gauraka gobe an nemi shi a Katsina. In ya ɗauke ta, wa zai dubi gidan nan? Alhaji kuwa ɗan gari ne, an san iyayensa, matarsa ta rasu ta bar shi da gida wayam. Baba bai yi faɗa ba, bai yi rantsuwa ba. Shiru kawai yake yi duk lokacin da aka ambaci zuwan magabatan Khamis, kuma shirun nan ya kai su shekara.

"Na gaji, Inna," ta ce a hankali. "Wallahi na gaji."

"Duk mun gaji, 'yar nan."

Washegari a shago ta kasa sakin fuska. Wuri ne mai sanyi da ƙamshi, fitilu na haska agogunan da ke kwance bisa baƙin karan-miski, kowanne da sararinsa. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne tana son su. Tana son nauyinsu a tafin hannu, da ɗan sautin da maɗaurinsu ke yi in an rufe. Wani lokaci in ba kwastoma takan kara ɗaya a kunne, ta ji bugunsa a hankali, sai hayaniyar tasha da ƙurar Madalla su fita daga kanta.

Nkechi, abokiyar aikinta da suke hawa mota ɗaya daga Suleja, ta zungure ta.

"Ga mutumin naki nan. Abeg, don Allah ki ɗan yi murmushi, madam mai shago na kallo."

Alhaji Abdulsalami ya shigo cikin farar shadda, ba hayaniya, ba 'yan rakiya. Ya tsaya gaban gilashinta ya gaishe ta da ladabi, abin da ya fi komai ɓata mata rai, don da mugu ne da abin ya zo mata da sauƙi.

Ta rage murya. "Alhaji, da ka gaya min na Baba ne, da ban sayar maka ba."

"Shi ya sa ban gaya miki ba."

"Ka san akwai wanda nake so."

"Na sani. Malamin nan." Shi ma ya rage murya. "Jannat, ban saye ki ba, kuma ba zan ce miki ba na fatan abin ya taimake ni ba, ƙarya zan yi. Amma na zauna da tsohon nan, na ga yadda yake satar kallon nawa. Ko kin aure ni ko ba ki aure ni ba, nasa ne."

"Ka san Baba ba zai riƙe shi ba in na ƙi ka. Ba irin mutanen nan ba ne."

Bai musa ba. Ya dubi agogunan da ke cikin gilashi, sannan ya dube ta.

"To, kin ga ke nan ba a hannuna maganar take ba."

Da ya fita, Nkechi ta yi ajiyar zuciya. "Ni fa ban ce komai ba. Amma wannan mutum, ko zagi ba ya barin a yi masa."

Da yamma Jannat ta sauka a Gauraka maimakon ta wuce gida. Khamis na jiranta a bencin mai gasa masara, bakin titi, inda suka saba zama saboda ba ya son a gan ta a ƙofar ɗakinsa. Rigarsa duk alli, idanunsa sun faɗa. Tireloli na wucewa suna girgiza ƙasa, sai an ɗaga murya ake ji.

Ba ta kai ga faɗa masa ba ya riga ta.

"Na gani. Na biya ta masallacin unguwarku da azahar, na sami Baba a sahun gaba, agogo a hannunsa. Na gaishe shi, ya miƙo min hannu, ya amsa da fara'a irin wadda bai taɓa yi min ba. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Sai da na fito wani ya gaya min wanda ya kawo."

"Ban san nasa ba ne, Khamis. Ni na sayar, amma ban sani ba."

"Ke kika sayar?" Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ke kika zaɓa masa ke nan."

"Ya ce in nuna masa wanda ya fi kyau a idona."

"Kuma kika nuna."

"Aikina ne!"

"Aikinki ne, na sani." Ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa. "Amma gaya min gaskiya, Jannat. Ke ma kina son abin nan, ko ba haka ba? Na sha ganin yadda fuskarki ke canzawa in kina ba ni labarinsu. Ni kuma ko zan koyar har in tsufa ba zan iya sayen igiyarsa ba."

Ta so ta ce a'a. Ta buɗe baki, sai kuka ya ƙwace mata.

"Ina so. Ina son su, laifi ne? Wuni nake ina taɓa abin da ba nawa ba, in fito in yi kokawar mota, in dawo in tarar da mara lafiya. Ina son abu mai kyau, Khamis, ni ma mutum ce. Amma na taɓa ce maka ka saya min? Shekara nawa ina zaune a bencin nan ina shan hayaƙin tirela saboda kai? Manyan mutane nawa suka ajiye min katinsu a kan gilashi na zuba a shara? Yau kai ne za ka tambaye ni wannan?"

Mai masara ta kau da kai tana fifita gawayinta. Khamis ya ciro hankici ya miƙa mata.

"Yi haƙuri. Ba ke nake jin haushi ba. Gajiya ce." Ya nisa. "Akwai maganar da nake ta juyawa na rasa ta inda zan fara. Hajiya, mahaifiyata, na hanya, gobe za ta iso. Ta ce ta gaji da jin 'an kusa, an kusa'. An samo min gurbi a wata makaranta a gida, kuma akwai Tayyiba, 'yar ƙanwarta, da take so in aura. Ta ce in har mutanen Suleja ba su ba da rana ba, to, ba sa so ne, in tattara in bi ta."

Jannat ta ɗago. "Me ka ce mata?"

"Na ce ta ƙara min lokaci."

"Ta ce me?"

"Ta ce lokacin da ta ba ni ya isa a yaye yaro."

Wata tirela ta wuce ta bar su cikin baƙin hayaƙi.

"Uwata ce, Jannat. Ita kaɗai ta rage min. Ba zan iya ce mata ta koma ita kaɗai ba alhali ba ni da ko kalma ɗaya daga Babanki da zan nuna mata. Ki yi masa magana."

"In ce masa ya cire? Ka ga hannun kuwa? Ka ga yana ɗaga shi?"

"Na gani."

"To, ka gaya min yadda zan yi."

Ya raka ta ta hau mota, ya tsaya a bakin titi har suka ɓace, ko hannu bai ɗaga ba.

Ba ta yi wa Baba magana ba a ranar, ba ta yi ba washegari. Sau biyu tana zuwa ƙofar ɗakinsa, ta jiyo shi yana nishi yana ɗaga hannu, yana yi wa kansa kirari a hankali, sai ta juya. Khamis bai kira ba, ita ma ba ta kira ba.

Ranar Asabar da hantsi tana wanki a tsakar gida, ta ji muryarsa.

"Jannatu, zo nan."

Ta shiga ta durƙusa. Yana zaune a bakin gado, akwatin agogon a buɗe a gefensa.

"Innarki ta ce ba kya cin abinci."

"Ina ci, Baba."

"Ƙarya kike yi, ni na haife ki." Ya dubi hannunsa. "Bari in ba ki wani labari. Lokacin da nake tuƙi a ma'aikata, akwai wani darakta da na yi wa direba. Irin wannan ne a hannunsa, sak. In za mu yi salla a hanya, sai ya cire ya ce, Ɗantala, riƙe min. In riƙe a tafin hannuna har ya gama alwala. Na rantse miki ban taɓa gwada shi ba, ko sau ɗaya. Amma nauyinsa bai bar tafin hannuna ba har yau. Shekara talatin ina kallon hannayen manya ta madubin mota, ban taɓa jin hassada ba sai a kan wannan abu guda. Ban san me ya sa ba. Ba abinci ba ne, ba magani ba ne. Kyau ne kawai."

Hawaye ya cika idon Jannat. "Baba, ka riƙe abinka. Ni zan..."

"Ki bari in gama. Da yaron nan Abdulsalami ya ɗaura min, na san me yake nufi, ban tsufa da haka ba. Na ce a raina bari in ɗan ji daɗi, kwana ɗaya. Kwana ɗaya ya zama biyu. Jiya a masallaci wani ya ce min, Malam, ashe an kusa shan biki, surukin arziki ya fara hidima. Na dawo gida na kasa cin tuwo. Ashe duk garin nan kallon kuɗin 'yata suke yi a hannuna."

Ya miƙo hannun da ƙyar, yana tallafe da shi da na dama.

"Cire min. Na yi ta fama da maɗaurin nan tun asuba, hannu ɗaya ba ya iyawa."

"Baba, in na cire za ka daina..."

"Wannan tsakanina da hannuna ne. Cire."

Yatsunta da suka buɗe irin wannan maɗauri sau ba adadi suka ƙi ba ta haɗin kai. Sai da ta goge ido da kafaɗa sannan ta samu ya buɗe. Fatar wurin ta yi ɗan sawu. Ya bi agogon da kallo har ta kwantar da shi a akwati ta rufe, sannan ya juya fuska wajen bango.

"Ɗanlami zai mayar wa Alhaji anjima, da godiyata, da ban-haƙuri. Shi kuma malamin naki, har yanzu ban ce ina son ki tafi Katsina ba. Ba na so. Amma ki ce ya turo manyansa, in ji ta bakinsu. Na gaji da ganinki kina yawo a gidan nan kamar wadda aka yi wa mutuwa."

Ta kifa kanta a gwiwarsa tana kuka, ya dafa ta da hannun dama. Can ya ce, "Tashi ki je, kafin in canza ra'ayi."

Ta bar wankin a cikin baho. Ta kira wayar Khamis tun daga lungu, a kashe. Ta sake kira a kan acaɓa, a kashe. Har suka isa Gauraka tana kira.

Ba ta taɓa shiga gidan hayar ba, sai da wata mata mai gyaran kayan miya ta nuna mata ɗakin. Ƙofar a buɗe take, labule na kaɗawa. A bakin ƙofa an jera buhu biyu na littattafai an ɗaure bakinsu, ga katifa an naɗe an jingine da bango.

Ta yi sallama.

Wata dattijuwa ce ta ɗaga labulen, doguwa, fara, da carbi a hannu. Idanun Khamis ne a fuskarta. Bayanta, bisa tabarma, wata budurwa ce, ba shakka Tayyiba, ke ninke rigunansa ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a jaka, a natse, kamar wadda ta saba.

Hajiya Daso, mahaifiyar Khamis, ta dubi Jannat tun daga gyalenta har zuwa kumfar sabulun da ta bushe a hannunta.

"Ke ce mai sayar da agogon?"

Jannat ta durƙusa har ƙasa. "Ni ce, Hajiya. Ina kwana? An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya tafi tasha neman mota, yau muke son kama hanya." Ta ƙara ɗaga labulen, ta matsa gefe. "Shekara guda ɗana na ramewa a kanki, ban taɓa jin muryarki ba. In da magana kika zo, ni za ki faɗa wa, ba shi ba. Kuma ki faɗa kafin ya dawo, don in ya gan ki ba zan ƙara jin gaskiya daga bakin kowa ba."

Budurwar ta dakata da ninkin, ta ɗago kai.

Jannat ta share fuskarta da gefen gyale. Ta cire takalmanta, ta shiga.